Yadda za ka fara sana'ar da za ta share wa ƙauyenku hawaye

Jama'a akwai kasuwancin da ake cin riba kuma ana magance matsalar mutane a lokaci guda. Muhammad Yunus na Bangladesh da dala 27 ya fara, ya ranta wa mutum 42 a ƙauyen Jobra a 1976, daga nan aka samu bankin Grameen har ya ci kyautar Nobel a 2006.

To kai ma fara zama da mutanen garinku ka ji me yake ci musu tuwo a ƙwarya. Mu nan wajen Kura da Kadawa tumatir ne, in rani ya yi kwando ya faɗi warwas wani ma a bakin titi yake ruɓewa, wallahi abin da ciwo. Sai ka saya a hannun manomi da farashin mutunci, ka ɗauki mata su yanka a shanya a kan raga mai tsabta sama da ƙasa saboda yashi, ka ɗure a buhu sai damina da ya yi tsada.

Jari kuwa adashe ya isa da farko. Ka riƙa rubuta shiga da fita da yawan waɗanda suka amfana, in ta kankama ka yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni.