Ka Iya Maganar Hannu, To Wane Aiki Za Ka Kama?

Shekara 11 ke nan ina tafinta tsakanin kurame da masu ji, kuma kusan duk ɗalibin da ya zo wurina sai ya ce, "Malam, in na gama koyo, a ina zan samu aiki?" Kafin in ba shi amsa nakan tambaye shi wacce maganar hannu yake koya, domin sun haura 300 a duniya. Kurman Amurka da na Ingila ba sa fahimtar juna kai tsaye: na Ingila da hannu biyu yake jera haruffa, na Amurka da hannu ɗaya. Saboda haka fara da wadda kuramen inda za ka yi aiki suke amfani da ita, kuma ka zauna cikinsu ana hira. Wanda ya koya a littafi da bidiyo kaɗai, ranar da kurame biyu suka fara gardama a gabansa zai ga hannuwa na gudu bai kama komai ba.

Aikin da kowa ya fara tunawa shi ne tafinta: a asibiti, kotu, aji, taro, ko ɗan akwatin nan na gefen allon talabijin lokacin labarai. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa ta nemi ƙasashe su samar da ƙwararrun tafintoci, to buƙata tana nan. Amma iya hira daban, tafinta daban. Kunnenka na sauraren jimlar da ake faɗa yanzu, hannunka na isar da wadda ta wuce, fuskarka kuma na aiki, don ɗaga gira ko tsuke ta yakan nuna tambaya ake yi. Ƙwaƙwalwa na gajiya da wuri, shi ya sa a dogon taro mu biyu muke zuwa, muna karɓar juna bayan kowane minti 20 zuwa 30. Nemi horo na musamman, kuma in ƙasarka tana yi wa tafintoci jarrabawa da rajista, kamar Amurka da Birtaniya, ka yi. Duniya ta ga illar rashin haka a 2013, a taron juyayin Nelson Mandela, inda wani ya tsaya kusa da shugabannin ƙasashe yana kaɗa hannu babu ma'ana, kurame na kallo ransu a ɓace.

Bari in nuna maka yadda aikin yake a asibiti. Na taɓa raka wata baiwar Allah wurin likita. Da shigarmu na ga taga tana bayana, na canza wuri, domin haske a bayanka yana duhunta fuskarka. Na tsaya a gefen likitan don ta riƙa ganinmu tare. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Tambaye ta ina ke mata ciwo." Na ce, "Likita, ita za ka kalla ka tambaya, ni murya ce kawai." Da ya dube ta, sai ta saki jiki ta faɗi abin da ta ɓoye wa 'yan gidansu. Abin da na ji a ɗakin nan a nan na bar shi. In ka san bakinka ba ya riƙe sirri, ko ba ka iya jure faɗin magana yadda aka faɗe ta ba tare da ka gyara ba, kama wani aikin. Kuma kada ka fara da kotu ko asibiti. Fara da ƙananan taruka inda kuskure ba zai ja wa wani ɗauri ko maganin da ba nasa ba.

Koyarwa ita ce ta fi kwanta mini a rai. A 1880 wani taron malamai a birnin Milan na Italiya ya yanke cewa a koyar da kurame da baki kawai, aka kori maganar hannu daga makarantu da yawa shekara da shekaru, kuma har yau akwai malaman da ke tsayawa gaban yara kurame ba su iya harshensu ba. In wannan kake so, haɗa da takardar shaidar malanta, ka ƙware a darasi guda, lissafi ko kimiyya. Akwai kuma aiki da iyaye: fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne. Ranar da na ga wani uba ya yi wa ɗansa alamar "zo mu tafi" yaron ya taso da gudu yana dariya, sai da idona ya ciko. Shawarata ɗaya a nan: koyar da harshen kansa, in akwai kurma da ya cancanta, bar masa kujerar. Harshensa ne, kuma guraben aikinsa ba su kai naka yawa ba.

Ba dole ka bar sana'arka ba. Ma'aikaciyar jinya, ungozoma, jami'in walwalar jama'a, mai gwada ji, lauya, ma'aikacin banki, duk wanda ya ƙara da maganar hannu, kurame da kansu za su riƙa tura masa 'yan uwansu. Akwai tafinta ta kiran bidiyo, wadda intanet mai ƙarfi da kyamara mai kyau suka ishe ka. Mai son bincike kuma ya duba fannin nazarin harshe. A Jami'ar Gallaudet da ke Washington ne William Stokoe ya nuna a 1960 cewa maganar hannu harshe ce mai nahawunta, kuma da yawa daga cikin waɗannan harsuna har yanzu ba su da cikakken ƙamus.

Kafin ka kai takardar neman aiki ko'ina, yi wannan gwajin. Sa riga marar zane, kunna labaran rediyo, ɗauki kanka a waya kana fassarawa na minti 5. Kashe sautin, ka miƙa wa kurma babba wanda ba ya jin kunyarka, ka ce ya ba ka labarin abin da ya gani. Duk inda labarinsa ya saɓa da na rediyo, sa alama, ka sake ɗauka mako mai zuwa.