Darasi na 9: Zuwa Kotun Gado ta Gunduma

Wannan darasi na 'yan ajinmu ne mazauna birnin Niyok, musamman Bronx, inda Hausawan Gana da Nijar da Najeriya da Togo suke da yawa. A karanta shi da ƙarfi, sakin layi ɗaya ga mutum ɗaya.

A ce wani ɗan'uwanmu direban tasi ya rasu. An yi masa sutura, an kai shi makwancinsa, an yi sadakar uku. Wata ya ƙare, mai gida yana jiran kuɗin haya. Matarsa tana cikin takaba, larura ta fito da ita, ta je banki da takardar shaidar rasuwa. Ma'aikaciyar banki ta yi mata ta'aziyya, sannan ta ce asusun da sunan marigayi kaɗai yake, ba za a taɓa ko sisi ba sai an kawo takardar kotu.

A gida liman ya san ta, mai unguwa ya san 'ya'yanta, magana ta ƙare. A nan yawanci banki bai san kowa ba sai wanda kotu ta ba takardar wakilci. Kada kuma wani ya ce ai ya san lambar katin marigayi, bari ya je ya ciro a na'ura. Daga ranar da mutum ya cika, cire kuɗi da katinsa laifi ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi.

Wace kotu?

Jihar Niyok tana da gunduma 62, kowace da kotun gadonta. A jikin ƙofa za ku ga an rubuta Surrogate's Court. Ku kwafi waɗannan kalmomi biyu a littafinku, domin su za ku nuna wa mai gadi idan Turanci ya ƙi fita. Birnin Niyok shi kaɗai gunduma biyar ne, sunayen kuma suna ruɗa baƙo: Brooklyn a takardar kotu sunanta Kings, Staten Island kuma Richmond, Manhattan ita ce gundumar New York. Bronx da Queens ba su canja suna ba.

Gundumar da mamaci yake zaune ita ake bi. Idan gidansa a Bronx yake, ya rasu a asibitin Manhattan, ko ma ya je ganin gida ajali ya same shi a Kumasi ko Zinder, maganar dukiyarsa ta nan tana kotun Bronx. Tana lamba 851 a titin Grand Concourse. Jirgin ƙasa mai lamba 4 ko mai harafin D zai sauke ka a tashar titi na 161, kusa da filin wasan Yankee, sai ka taka kaɗan.

Wanda bai jin Turanci sosai ya faɗa tun a tebur na farko cewa yana son tafinta na Hausa. Kotu ke samar da shi, ba a biyan komai. Ba kullum ake samu a ranar ba, don haka a nema da wuri.

Kafin ka shigar, ka bincika

Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki, su sha wahalar banza. Wataƙila wani ya riga ka buɗe fayil: babban ɗa daga wata uwar, ko wanda marigayi ya ci wa bashi. Wataƙila kuma marigayin ya ajiye wasiyyarsa a kotun tun yana da rai, domin doka ta yarda a yi haka a kan dala 45.

Yawancin takardun gado a buɗe suke, kowa yana iya dubawa. A intanet akwai shafin kotunan jihar mai suna WebSurrogate, kyauta ne. Ana sa sunan mamaci, a zaɓi gunduma. Wanda bai saba da kwamfuta ba ya je ɗakin ajiye fayil na kotun ya tambayi akawu.

Ga inda mu Hausawa muke tuntuɓe. Sunan da muke kiran mutum da shi a masallaci ba lalle ne ya zama na fasfo ba. Wanda kowa ya sani da Alhaji Babba, a takardarsa wani suna ne dabam. Muhammadu ɗaya ana rubuta shi Mohammed, Muhammad, Mahamadou, Mamadou. Na'ura ba ta san duk mutum ɗaya ba ne. Ka ɗauki lasisin tuƙinsa da fasfonsa da takardar banki, ka gwada kowane rubutu ɗaya bayan ɗaya. Idan ka ga fayil, rubuta lambarsa. Tana farawa da shekarar da aka buɗe shi. Duk ranar da ka koma kotu, lambar nan za a fara tambayarka.

Ƙofa uku

Idan ba a sami fayil ba, kai za ka buɗe. Akawu zai tambaye ka abu biyu: ya bar wasiyya a rubuce? Dukiyar ta kai nawa?

Idan abin da ya bari da sunansa shi kaɗai bai wuce dala 50,000 ba, kuma ba maganar gida ko fili, akwai gajeriyar hanya ta ƙaramin gado. Kuɗin shigarwa dala 1 ne tak. Da can iyakar dala 30,000 ce, a 2019 aka ɗaga ta. Mafi yawan mutanenmu nan suke faɗawa, kuma ana iya yi ba lauya. A shafin kotu akwai manhaja da ke yi maka tambayoyi tana cike fom ɗin da kanta.

Idan dukiyar ta wuce haka kuma akwai wasiyya, ana kai ainihin takardar, kotu ta tabbatar da ita, ta ba wasiyyin da aka ambata izini. Hoton takarda ba ya wadatarwa. Kada a cire ƙarfen da aka maƙale shafukan da shi don a yi kwafi. Abin kamar wasa, amma idan kotu ta ga an cire an mayar, sai an yi rantsuwa a rubuce a bayyana dalili, domin ana tsoron an sauya shafi.

Idan babu wasiyya, wani daga cikin magada zai nemi a naɗa shi wakili. Takardar da za a ba shi ita ce Letters of Administration, ita ce bankin nan yake nema. Doka ta jera wa ke gaba: matar aure ko miji, sai 'ya'ya, sai jikoki, sai iyaye, sai 'yan'uwa. Yayan marigayi, komai girmansa a dangi, yana bayan matar. Wanda ke zaune a wata ƙasa kuma ba ɗan Amurka ba ne, ba a naɗa shi shi kaɗai sai tare da wani mazaunin jihar.

A waɗannan ƙofofi biyu na ƙarshe kuɗin shigarwa yana bin girman dukiya. Daga dala 50,000 zuwa ƙasa da 100,000, ana biyan 280. Daga 500,000 zuwa sama, 1,250.

Abin da za ka riƙa a jaka: takardar shaidar rasuwa mai hatimi, rasit na kuɗin jana'iza, katin shaidarka, takardun banki na ƙarshe, takardar mota, da shaidar aure. Takardar rasuwa Ma'aikatar Lafiya ta birni ke bayarwa, dala 15 kowace, kuma masu shirya jana'iza sukan karɓo wa iyali. Ka nemi fiye da ɗaya, don kowane ofis nasa yake so. Inshorar rai da kuɗin fansho da aka rubuta sunan mai karɓa, da asusun da miji da mata suka buɗe tare, yawanci ba sa bi ta kotu.

Magadan da ke gida

A fom akwai wurin da za a rubuta sunan kowane magaji da adireshinsa da shekarunsa. Kowane. Har 'yar da ya haifa a Agadas kafin ya taso, wadda matar nan ba ta taɓa gani ba. Dokar jihar ba ta duba inda ɗa yake zaune ko wace ce uwarsa, muddin an tabbatar ɗan marigayi ne.

Na san abin da ke sa a yi shiru. Wani yana ganin rubuta na gida zai ja lokaci, kuma gaskiya ne, zai ja. Wani kuwa kishi ne kawai. To, fom ɗin nan rantsuwa ce, a gaban notari ake sa masa hannu, wato jami'in da ke buga hatimi ya shaida kai ne ka sa hannu. Ɓoye magaji rantsuwar ƙarya ce a wurin hukuma, cin haƙƙin maraya ne a wurin Allah. Ranar da magajin da aka ɓoye ya ji labari yana iya zuwa kotu a ƙwace takardar daga hannun wakili.

Kowane magaji baligi ko dai ya sa hannu a takardar amincewa, ko kotu ta aika masa sammaci. Na gida suna iya sa hannu a ofishin jakadancin Amurka da ke Abuja ko Legas ko Akara ko Yamai, amma a fara tambayar akawu irin hatimin da kotu za ta karɓa kafin a sa tsoho ya yi doguwar tafiya. Yaron da bai kai 18 ba ba ya sa hannu, kotu kan naɗa lauyan da zai tsaya masa.

Maganar mata fiye da ɗaya ta fi ƙarfin wannan darasi. Dokar nan mace ɗaya ta sani. Wanda abin ya shafa ya nemi lauya tun kafin ya cike komai.

Yadda doka ke rabo

Ku buɗe kunne a nan. Idan Musulmi ya rasu bai bar wasiyya ba, kotu ba ta kiran malami ya fitar da tumuni da sudusi. Dokar jiha take bi.

A ce bayan an biya bashi da jana'iza, abin da ya rage a raba dala 72,000 ne. Ya bar mata ɗaya, ɗa ɗaya, 'ya ɗaya, da mahaifiya a gida. A dokar Niyok matar za ta fara ɗaukar 50,000, sannan rabin saura, wato 11,000. Nata ya zama 61,000. Yaran biyu su raba 11,000 daidai wa daida, kowa 5,500. Mahaifiya ba ta da komai.

A rabon Musulunci matar tana da tumuni, 9,000. Mahaifiya sudusi, 12,000. Saura 51,000: namiji 34,000, mace 17,000.

Manya da suka karɓi rabonsu suna iya sake rabawa tsakaninsu bisa shari'a idan sun yarda, ba wanda zai hana su. Kason yaro ƙarami dai ba mai ikon kyautar da shi. Wanda yake so a raba nasa yadda addini ya ce, sai ya rubuta tun yana da lafiya, ya sa hannu a ƙarshen takarda a gaban shaidu biyu, su ma su sa nasu. Ko da hakan, doka ta ba matar aure damar neman dala 50,000 ko sulusin dukiya, duk wanda ya fi yawa, sai fa in ta yafe a rubuce. Zama ne da ya kamata miji da mata su yi tare da malami da lauya.

Bayan an sami takarda, kada wakili ya yi gaggawar rabo. Masu bin bashi suna da wata bakwai su kawo kukansu. Ya buɗe asusu da sunan gadon, kada ya haɗa da kuɗinsa, ya ajiye kowane rasit. Idan kuma aka yi watsi da asusun mamaci shekara uku ba motsi, banki zai miƙa kuɗin ga ofishin Kwanturola, wato jami'in da ke kula da kuɗin jiha. Ba su ɓata ba, ana iya nema da suna, amma wata sabuwar zirga-zirga ce.

Aikin aji

Kowa ya ciro katin shaidarsa, ya kwafi sunansa harafi da harafi yadda yake a jiki. A ƙarƙashi ya rubuta duk wata hanya da aka taɓa rubuta sunan a wata takarda.

Mutum yana zaune a Brooklyn, ya rasu a Kano. Wace gunduma za a rubuta a fom?

Sake lissafin rabon dokar jiha idan abin da ya rage dala 90,000 ne, ga mata ɗaya da 'ya'ya huɗu.

A gida, rubuta sunayen magadanka duka, na nan da na can, da garin da kowa yake da lambar wayarsa. Wannan takarda ba ta malami ba ce, kada a kawo ta aji. A sa ta inda fasfo yake, a gaya wa mutum ɗaya amintacce.