Hutun ƙarshen mako a kewayen Legas: kurakuran da ke cinye kwana biyun

Duk ranar Litinin labarin ɗaya ne a majalisa, ko a Agege, ko Idi-Araba, ko Obalende. An kwashi iyali an je shan iska, an dawo a gajiye tiɓis, aljihu ya yi wayam, maigida ya rantse shi da irin wannan fita har abada. In ka bi diddigi, wurin da aka je ba shi da laifin komai. Zaɓen wurin ne aka yi da ka. Kurakuran kuwa ba sa canzawa, su ɗin dai ake ta maimaitawa, musamman masu sabon zama a Ikko.

Na farko, wanda ya fi kowanne cin mutane, shi ne auna tafiya da kilomita. A gida Arewa in aka ce maka kilomita 70, ka san cikin awa ɗaya ka isa. Wannan lissafin ka bar shi a tashar da ka hau mota. A Legas tambayar ita ce: daga wace unguwa za ka tashi, ta wace ƙofa za ka fita, a wace rana, da ƙarfe nawa?

Ƙofofin garin sanannu ne. Akwai ta Berger, mai kai ka Shagamu da Ijebu-Ode da Badun. Akwai ta Abule Egba da Sango Ota, tsohuwar hanyar Abekuta. Akwai ta Mile 2 da Okokomaiko, mai zuwa Badagry da iyakar Seme. Akwai ta Lekki da Ajah zuwa Ibeju-Lekki da Epe, sai kuma ta Ikorodu, wadda ita ma ke ɓullewa Epe ta Itoikin. Ƙa'idata guda ce, kuma ba na sassauta ta: ka fita ta ƙofar da ke kusa da gidanka, kada ka ratsa garin. Mazaunin Agege ko Mile 12 ko Ketu, rabonsa Abekuta da Badun. Na Alaba Rago da Okokomaiko, Badagry na bayan gidansa. Na Obalende da Ajah, ga Tarkwa Bay, ga Lekki, ga Epe.

Dubi mutumin Agege da ya ga hoton Badagry a Facebook ya ce can za shi. Zai bi Iyana Ipaja, ya faɗa Egbeda, ya wuce Igando, ya fito Iyana Iba, sannan ya hau babban titin Badagry ya fuskanci Okokomaiko da Agbara. Kowane suna a nan mahaɗa ce da motocin haya na danfo ke tsayawa tsakiyar titi suna lodi. Bayan Agbara kuma shingayen jami'an tsaro ne bi da bi, saboda hanyar iyaka ce. Ya fito gida ƙarfe goma na safiyar Asabar, don sai an yi wa yara wanka an gama suyar kaza. Azahar ta same shi a mota, gilashi a sauke, ƙaramin yana kuka, ruwan da ke cikin kula ya koma ɗumi. Ya isa ana shirin La'asar, sauran awa biyu ko uku a rufe wuraren tarihin. To ina hutun? Alhali wannan mutumin da ya taka zuwa tashar jirgin ƙasa ta Agege, da cikin kusan awa ɗaya yana Abekuta.

Ɗan'uwan wannan kuskuren shi ne kwaɗayin nesa. Maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Ikogosi a jihar Ekiti, ruwan Erin-Ijesha mai gangarowa daga dutse a jihar Osun, duwatsun Idanre a jihar Ondo masu matakala fiye da 600, duk wurare ne na gani a faɗa. Amma kowannensu tafiyar awa huɗu zuwa shida ce, zuwa kaɗai. Ka lissafa da dawowa, ka ga yini guda cur ya tafi a kujerar mota, cikin hutun da duka-duka kwana biyu ne. Waɗannan a ajiye su sai hutun Sallah ko wani mai kwana uku zuwa huɗu. A wurina duk inda ya haura awa biyu da rabi daga ƙofar gida, ba na ƙarshen mako ba ne.

Sai lokacin tashi. Don Allah a daina fita ranar Juma'a da yamma. Kowa na tashi aiki, kowa na barin gari, Berger da doguwar gadar da ke bayan Kara sun cushe. Ƙari a kan haka, manyan sansanonin ibada na coci-coci suna kan wannan titin na Badun, wajen Ibafo da Mowe. Juma'ar farko ta kowane wata akwai taron kwana a sansanin Redemption, Asabar ɗin farko da safe akwai wani a Prayer City, sannan a watan Agusta da Disamba ana yin manyan tarukan da ke ɗaukar mako guda. Wanda bai duba kalanda ba ya shiga hanyar a irin waɗannan ranakun, shi ya sayi wahalarsa da kuɗinsa. Abin da nake yi: a haɗa kaya daren Juma'a, a sha mai, a duba iskar taya da ruwan lagireto, ana sallame Asuba a tayar da mota, ƙarfe shida da rabi an bar Berger a baya. Ranar Lahadi kuma a juyo da an yi Azahar. Wanda ya ce bari a ɗan ƙara hutawa zuwa La'asar, zai haɗu da duk 'yan biki da masu dawowa daga ƙauye a ƙofar gari.

Jirgin ƙasan Legas zuwa Badun, wanda aka buɗe a 2021, ya rage wannan wahalar sosai. Yana tashi daga Ebute Metta, ya tsaya Agege, ya tsaya Abekuta, ya ƙare a Moniya cikin kamar awa biyu da rabi. Amma shi ma da tarkonsa. Sawunsa kaɗan ne a rana, in ya wuce ka ya wuce. Ka sayi tikitin zuwa da na dawowa lokaci guda, domin na yammacin Lahadi shi ke fara ƙarewa, ka kuma riƙe katin shaida a aljihu. Sannan ka sani Moniya ba cikin gari ba ce, tana can arewacin Badun. Daga nan zuwa Sabo ko lambun Agodi ko gidan namun dajin jami'a wata tafiyar ce, kuma masu tasi a bakin tasha sun san ba ka da zaɓi. A yi ciniki kafin a saka jaka a but.

Kuskure na biyu da ke sa ni ɗaga murya shi ne raina ruwa. Na farko kuɗi da lokaci yake ci, wannan kuwa rai yake ci.

Yaro ya tashi yana iyo a kududdufi ko a dam ɗin garinsu, ya zo bakin teku a Lekki ya tuɓe riga ya ce ai shi gwani ne. Malam, tekun Atlantika ba dam ba ce. Ruwan da igiya ta turo gaɓa dole ya koma, kuma yakan koma ta wata siririyar hanya da ƙarfin da babu mai iya ja da shi. Abin da ke yaudarar baƙo, daidai wurin ne ya fi kama da kwanciyar hankali: ruwan ya ɗan fi duhu, igiya ba ta fashewa a nan, sai ka ga kamar nan ne ya fi dacewa a shiga. Nan ne bakin ramin. Wanda ruwan ya ja, kada ya yi kokawar komowa gaɓa kai tsaye, gajiya ce za ta kashe shi. Ya yi iyo a gicciye, gefe-gefe da gaɓa, har ya fita daga jan, yana ɗaga hannu. Wanda bai iya iyo ba, iyakarsa idon sawu. Kuma a daina shiga ruwa da jallabiya ko doguwar riga ko hijabi mai faɗi don a ɗauki hoto. Tufafin na shan ruwa su yi nauyi su naɗe ƙafa, igiya ɗaya ta isa. Yara kuma babba guda ya tsaya a kansu, aikinsa ke nan, ba ya duba waya, ba ya cin masara.

Mai ƙananan yara da ya nace sai teku, Tarkwa Bay ta fi, domin katangar duwatsun mashigar tashar jiragen ruwa ta kare ta, igiyarta ba ta da zafi. Amma in ka taka ka zagaya zuwa gaɓar Lighthouse da ke maƙwabtaka da ita, ka koma buɗaɗɗiyar teku. Kada kamannin yashi ya ruɗe ka.

Tarkwa ba a zuwanta da mota, sai jirgin ruwa, daga Marina ko Falomo, tafiyar minti 15 zuwa 20. A nan ma ake tafka shirme. Hukumar LASWA mai kula da sufurin ruwa a jihar Legas ta wajabta saka rigar hana nutsewa, ta kuma hana zirga-zirgar dare. Duk da haka sai ka ga magidanci ya rataya rigar a wuya ba a ɗaure ba, wai zafi, ko an saka wa yaro ɗan shekara biyar ta manya, wadda in ya faɗa ruwa za ta zame ta kansa. Ka ja igiyoyin ka ɗaure, ka kama kafaɗar rigar ka ɗaga sama. In ta kai kunne, ta yi yawa, a canza. Jirgin da aka cika har ruwa na neman taɓa bakinsa, ka sauka ka jira na gaba, ko da mai jirgin zai yi ta ƙunƙuni. Tun da safe ka tsayar da lokacin dawowa da wanda ya kawo ku, ka karɓi lambarsa, ƙarfe biyar kuna cikin jirgi. Masu jiran ganin faɗuwar rana su ne ke ƙarewa da roƙon mai kwale-kwale cikin duhu a kan kuɗi ninki biyu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Damina ma a saka ta a lissafi. Daga Mayu zuwa Yuli ruwa ya fi ƙarfi, Yuni ne ƙololuwa, teku na hauka, titunan Lekki da Ajah na cika. Agusta akan ɗan sarara, Satumba da Oktoba ya dawo. Watannin ruwa na Abekuta da Badun ne, teku kuwa daga Nuwamba zuwa Maris. Sai dai Disamba komai na ninka kuɗi, otal da kuɗin ƙofa duka.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma suna ɓata rai.

Yarda da hoto. Hoton ɗakin otal na iya zama na shekarar da aka buɗe shi. Ka kira, ka ce a ɗauko maka bidiyon ɗakin da banɗakin yau, ka tambayi ƙarfe nawa ake kunna janareta da ƙarfe nawa ake kashewa. Kada ka tura kuɗi asusun mutum ɗaya da ka gani a Instagram.

Lissafin kuɗin ƙofa kaɗai. A yawancin gaɓoɓin Lekki bayan kuɗin shiga akwai na ajiye mota, na rumfa, na kujera, wasu har da na abincin da ka zo da shi daga gida, wasu kuma ba sa bari a shiga da shi sam. A tambaya kafin uwargida ta kwana tana dafa shinkafa. A riƙe tsabar kuɗi, domin sabis na yankewa, tiransifa ta maƙale.

Rashin tambayar irin wurin. Gaɓar da ke shiru da ƙarfe goma na safe, da La'asar ta zama gidan rawa, ga kiɗa ga giya. Mai iyali ya je da sassafe ya bar wurin kafin ƙarfe biyu. A tafi da darduma da buta. Ruwan teku ya halatta a yi alwala da shi. Alƙibla daga Legas gabas ce ta ɗan karkata arewa, don haka in ka tsaya a gaɓar Lekki, teku na hannunka na dama. Maganar kasaru kuwa, nisanta a mazhabar Malikiyya mil 48 ne, wajen kilomita 80. Badun ta kai, Tarkwa da Lekki ko kusa ba su kai ba.

Zaɓen wurin da bai dace da 'yan tafiyar ba. Gadar sama ta gandun Lekki Conservation Centre tsawonta mita 401, tana lilo, ba a barin ƙananan yara su hau, kuma in ana ruwa rufe ta ake yi. Biran wurin kuma ƙwararrun ɓarayi ne, leda a hannu tamkar gayyata ce. Dutsen Olumo na Abekuta, inda Egbawa suka fake lokacin yaƙi wajen 1830, tsayinsa mita 137. Akwai lif, amma kada ka ɗauko Hajiya mai ciwon gwiwa bisa dogaro da shi. A jikin dutsen akwai wuraren bautar gargajiya da masu kula da su. Ka gaya wa ɗan rakiya tun farko iyakar inda kake so ya kai ku. In an sauko, kasuwar adire, wato rinannen yadin Yarbawa, ta Itoku na nan kusa, Sabo kuma akwai masallaci da tuwo da tsire.

Cusa wurare biyar a yini ɗaya. Badagry kaɗai ta ishi yini: bene na farko da mishan suka gama a 1845, gidan tarihi, kurkukun bayi na Seriki Abass mai ɗakuna 40, sannan a haye ruwa zuwa tsibirin Gberefu a taka cikin yashi har bakin teku, inda ake loda bayi a jirgi. Tafiyar ƙafar nan ta fi minti 20, rana na dukan ka. A fara da ita da safe, a ɗauki ruwa lita ɗaya da rabi kowane mutum, a saka takalmin da ba ya zamewa, gidajen tarihin su biyo baya.

Epe ana zuwa don kifi, a kasuwar Oluwo, kuma da safe ake samun na kirki. Ka tafi da kula da ƙanƙara, in ba haka ba motarka za ta yi mako tana ba da labari. Hanyar Ibeju-Lekki cike take da tankoki da tireloli saboda matatar Dangote da sabuwar tashar jiragen ruwa, kada dare ya yi maka a kanta.

Ijebu-Ode a rana ta uku bayan Babbar Sallah ana bikin Ojude Oba, dawakai da ado kamar hawan daba. Mai son gani ya kama ɗaki makonni kafin lokacin. Mai neman hutu ya kauce wa garin a makon.

Masu cewa bari mu leƙa Kwatano tunda ga ta nan bayan Badagry: wata ƙasa ce fa. Sai da fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin cutar shawara, da sefa a hannu, kuma in da motarka za ka, ita ma da nata takardun. Tsayuwar Seme kaɗai na iya cinye safiyar Asabar.