Yadda ake shirya tallar da za ta ja matasa a Bauchi

Kafin ka ɗauki waya ka fara bidiyo, zauna da biro ka amsa tambaya ɗaya: wane matashin kake nema? Ɗalibin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da ke haya a Sabon Kaura, da ɗalibar Federal Poly a Gwallameji, da ɗan bautar ƙasa da ya fito daga sansanin Wailo, da yaron shago a Kasuwar Wunti, duk sa'annin juna ne, amma ba rana ɗaya kuɗi ke shiga aljihunsu ba. Ɗalibi yana da ƙarfi a makonnin farko na zango, kafin guzurin gida ya ƙare. Ɗan bautar ƙasa yana jiran alawus ɗin ƙarshen wata, wanda ya koma naira 77,000 a 2025. Yaron shago kullum yana ɗan samu, sai dai ba ya natsuwa da waya sai an tashi kasuwa. Ɗauki rukuni ɗaya ka gina tallar a kansa. Wadda aka yi don kowa da kowa, ba wanda yake jin da shi ake.

Tayin shi ne tallar

Mu ɗauki misalin mai sayar da fura da yogot a Gwallameji. A ce kofi naira 1,000 ne, kuɗin haɗa shi 650, riba 350. Yawancin masu shago abin da ke fara zuwa musu shi ne "sayi ɗaya a ba ka ɗaya kyauta". Yi lissafi: ka karɓi 1,000, ka kashe 1,300, kowane ciniki ka yi asarar 300, kuma yawancin waɗanda za su cika maka shago ranar ba za ka sake ganinsu ba. Amma in ka ce "zo da abokinka, kofi na biyu rabin kuɗi", ka karɓi 1,500 a kan 1,300. Riba ta ragu zuwa 200, ba ka faɗi ba, kuma tsohon kwastoma ne da kansa ya jawo maka sabo. Matasa ba su cika fita su kaɗai ba, don haka tayin da aka gina a kan mutum biyu ko 'yan ɗaki ɗaya ya fi tafiya.

Sa masa iyaka a fili: daga Alhamis zuwa Asabar, daga la'asar zuwa tara na dare. Tayin da ba shi da ranar ƙarewa ana cewa "sai gobe" har a manta. Ka kuma dubi yanayi. Fura mai sanyi lokacinta zafin Maris zuwa Mayu ne da bayan shan ruwa a azumi. Kashe kuɗin tallarta a tsakiyar hunturu ɓarna ce.

Bidiyon kansa

Ɗauke shi a tsaye, kada ya wuce daƙiƙa 15 zuwa 20. Daƙiƙa uku na farko su ne komai, domin babban yatsa ba ya jira. Kada ka buɗe da tambarin shago, ko da doguwar sallama da gabatar da kai. Buɗe da abin da ake sayarwa dab da kyamara: ludayi yana dama fura, yogot mai kauri yana zuba, gumi yana gangarowa a jikin kofi. Ko ka buɗe da yanayin da ɗalibi ya sani, wato an fito lakca ƙarfe biyu na rana, an tarar ba wuta a ɗaki. Farashi ya fito da manyan haruffa kafin daƙiƙa ta biyar. Ɓoye farashi da cewa a yi magana ta saƙo yana korar matashi, don zai ɗauka abin ya fi ƙarfinsa, ga kunyar tambaya ya kasa saye.

Da yawa suna kallo ba sauti, a aji ko a cikin Keke Napep, saboda haka duk abin da aka faɗa a rubuta shi a kan bidiyon. Manhajar gyaran bidiyo ta CapCut ta wadatar. Ka bar sama da ƙasan allo ba rubutu, domin nan TikTok da Instagram ke ɗora nasu maɓallan. WhatsApp kuma yana matse bidiyo, ƙananan haruffa sai su dushe. Tura wa wayar wani ka gani kafin ka saki. Haske kuwa na safe ko na bayan la'asar ya fi, a bakin ƙofa. Makirufon maƙalawa a riga ya fi sabuwar waya amfani, don ƙarar janareta da ababen hawa sun kashe bidiyoyi masu kyau da yawa.

Batun harshe yana da muhimmanci a nan. Yelwa da Gwallameji cike suke da ɗalibai daga Filato da Binuwai da kudu, ba kowa ke jin Hausa sosai ba. Yi bidiyo ɗaya da murya biyu: ta Hausa don cikin gari, ta Turanci mai sauƙi don unguwannin ɗalibai. Kalaman yayi kuma, in ba bakinka ba ne, bar wa matashi ya faɗa. Dattijo yana kwaikwayon maganar samari dariya ake yi masa, ba ciniki ba. Barkwanci yana jan ido, amma wanda ya taɓa addini, ko ƙabila, ko ya ci mutuncin mace, zai iya rufe maka shago. Waƙar wani ma kada ka ɗora ba izini, manhajar na iya cire sautin bayan ka gama biyan kuɗi.

Inda ake sakinta

TikTok da Instagram suna sa a san ka, amma cinikin a WhatsApp ake ƙulla shi. A nan mutane ke tuntuɓe. Sitatus ɗinka ba ya zuwa wa kowa sai wanda ya ajiye lambarka kai ma ka ajiye tasa, kuma bayan awa 24 ya ɓace. Saƙon bai-ɗaya, wato broadcast da ake tura wa mutane da yawa lokaci guda, shi ma haka ne: mutum 256 yake ɗauka, kuma wanda bai ajiye lambarka ba ba zai samu ba. Don haka aikin makon farko tara lambobi ne. Manna takarda a kan kanta: "Ajiye lambarmu, nuna mana, a ƙara maka kwakwa kyauta." Kada ka sayi jerin lambobi, kada ka zuba mutane a guruf ba su sani ba. In suka yi ta kai ƙara, WhatsApp zai rufe layin, kwastomominka su tafi da shi. Sitatus uku a rana sun isa. Guda ashirin a jere, wucewa ake yi.

In za ka biya Facebook da Instagram, kada ka bar su su zaɓi Najeriya gaba ɗaya. Kafa alama a kan shagonka a taswira, ka zagaye kilomita 3 zuwa 5, shekaru 18 zuwa 30, maɓallin kuma ya kai mutum WhatsApp kai tsaye. Wanda ke harabar ATBU ta Gubi a wajen gari ba zai zo Gwallameji shan fura ba, sai in kana da mai kai saƙo. Saki bidiyo biyu masu buɗewa daban da kuɗi kaɗan, ka bar su kwana uku ba ka taɓa ba, sannan ka tsayar da mai rauni ka mayar da kuɗinsa kan ɗayan. Ka sa harajin VAT na kashi 7.5 cikin lissafi, ana ɗora shi a kan abin da ka kashe.

Masu mabiya da yawa da ake biya su yi talla kuma, a yi hattara da su. Mai mabiya dubu ɗari biyu da rabinsu ke Kano da Nijar bai kai shugabar aji da mutum ɗari uku ke kallon sitatus ɗinta a Gwallameji amfani ba. Kafin ka biya, ce ya nuna maka a wayarsa daga ina masu kallonsa suke, ba sikirinshot ba. Ku rubuta yarjejeniya ko a saƙo ne: bidiyo nawa, wace rana, kwana nawa zai bar shi. Rabin kuɗi kafin aiki, rabi bayan ya ɗora.

Doka ma tana nan. Hukumar ARCON, wadda ta gaji APCON a 2022, ita ke tantance tallace-tallace, har da na intanet. Abinci na kwali ko roba, da man shafawa, da magani suna ƙarƙashin NAFDAC. Kada ka ce kayanka na warkar da olsa ko ƙara ƙiba.

Yadda za ka gane wadda ta yi aiki

Yawan kallo ba ya biyan kuɗin haya. Ka ba wa kowace hanya kalmarta: wanda ya zo ta ɗan TikTok ya ce "Wikki", ta shugabar aji "Yankari", ta fostar gidan kallon ƙwallo "Gubi". Sai an faɗi kalmar ake samun ragin, yaron kanta kuma ya ja layi a littafi. Ƙarshen mako ka raba. A ce ɗan TikTok ya karɓi 15,000, mutum 20 suka zo, kowane ya tsaya maka a 750, sai ya zo sau uku kafin ka mayar da kuɗinka. Shugabar aji ta karɓi 5,000, ta kawo 25, kowane 200, ka fanshe tun zuwan farko. Wata mai zuwa ka san inda kuɗi za su nufa.

Abin da ya fi kashe talla mai kyau shi ne shagon bai shirya ba. Saƙo ya shigo ba a amsa ba sai bayan awa uku, ko yogot ya ƙare tun magariba, ko tiransifa ta maƙale ba asusu na biyu. A ranakun tayin ka ware mutum ɗaya riƙe da waya, ka tsara amsoshin gaggawa a WhatsApp Business, ka tanadi kaya fiye da na kullum. Kuma a cikin lambobin da kake tarawa ka yi wa 'yan gari alama daban da ɗalibai. Yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ɗauka, kuma ko ba yaji, hutu na zuwa kowane ƙarshen zango. A irin wannan lokacin ma'aikata matasa da 'yan bautar ƙasa za ka juya wa tallar, da tayin da ya faɗo a ƙarshen wata.