Yadda za ka gano abin da ke sa ƙwan LED ƙyaftawa

In aka kira ni gida aka ce ƙwai na ƙyaftawa, abin da nake fara tambaya shi ne: shi kaɗai ne, ko duk na gidan? In duka ne, ƙyale ƙwai, ba laifinsa ba ne. Ko dai wutar NEPA ta zo da rauni, ko an jibga wa janareta firji da injin jan ruwa har yana shaƙewa, ko kuma wata waya ta saki a wajen mita. Wannan na ƙarshe ba abin wasa ba ne, yana ƙona kaya. Nemo mai wayarin.

In ɗaya ne, kashe makunni, kwance shi ka ɗaura a wata holda. Ya daina? To holdar farko ce ta yi sako-sako. In bai daina ba, mai yiwuwa kafasitar cikinsa ce ta gaji, wato 'yar na'urar da ke ajiye wuta a cikin ƙwan, kuma galibi zafi ke cinye ta. Wanda kuwa yake ɗan walƙawa jifa-jifa bayan an kashe shi, duba makunnin: mai ɗan jan hasken nan yana barin 'yar wuta ta silale zuwa ƙwan.

Akwai wata ƙyaftawar da ido ba ya kamawa kai tsaye, ita ce ta fi damuna. Wutar Najeriya da Nijar tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, saboda haka ƙarfinta yana faɗuwa ƙasa sau 100. Tsohon ƙwai mai zare bai damu ba, don zarensa ba ya hucewa kafin wutar ta dawo. LED kuwa nan take yake mutuwa, nan take ya farfaɗo. Aikin kafasita ne ta cike wannan giɓin, kuma a nan masu ƙera na araha suke yin rowa. Sai tela ya wuni a ƙarƙashinsa, ya tashi da ciwon kai da gajiyar ido, yana zargin keke.

Saboda haka kafin ka biya, sa mai shago ya kunna maka. Buɗe kyamarar wayarka, ka kai ta dab da ƙwan. In tana ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya, ya fi. Ka ga baƙaƙen zane-zane suna gangarowa a fuskar wayar? Ajiye masa abinsa. In ba waya, kaɗa biro da sauri a ƙarƙashin hasken: ƙwai mara kyau zai nuna maka biro biyar ko shida a jere.

Masu ɗaukar bidiyon biki, ku taku mai sauƙi ce. Wayoyi da yawa suna zuwa a kan hoto 30 ko 60 a daƙiƙa, wanda ya dace da wutar Amurka. Ku mayar 25 ko 50, yawancin zanen zai ɓace.