Ƙara filta a babban tankin kifi idan ɗaki ya yi kaɗan

Tankina yana falon gidan hayar da nake zaune a Kubwa, tsakanin tagar gabas da ƙofar kicin. Tsawonsa santimita 150, faɗi 50, tsayi 60, wato yana cin ruwa lita 450. Kowace lita kilo ɗaya ce, idan ka haɗa da gilashi da tsakuwa ya haura rabin tan, don haka maganar a matsar da shi ba ta ma taso ba. Tazarar da ke tsakaninsa da bango yatsu uku ce kacal. Kabad ɗin da ke ƙarƙashinsa kuma filtar tukunya ɗaya, wato matatar ruwa mai kama da tukunya da ke jan ruwan tankin ta tiyo ta mayar, ta riga ta cinye rabinsa.

Da kifayen oska biyu da na sayo suna ƙanana suka doshi tsawon kamu guda, sai ruwan ya fara dusashewa kwana uku bayan canji. Oska, wani kifin ado mai girma, akwai ci, akwai ɓata ruwa. Nan na gane filta ɗaya ta gaza, kuma ba ni da inda zan ajiye ta biyu.

Kafin ka kashe ko sisi, auna abin da filtarka take yi a zahiri. A jikin kwalin tawa an rubuta lita 1,400 a awa. Na zare tiyon da ke mayar da ruwa, na riƙe shi daidai bakin tankin, na tara bokitin lita 10, sai da ya ɗauki daƙiƙa 45 kafin ya cika. Lita 800 ke nan a awa. Hawan da ruwa ke yi daga ƙasa, da lanƙwasar tiyo, da dattin da ya taru a soso, duk suna rage wa famfo ƙarfi. Masu kiwo sun saba da cewa ruwan tanki ya ratsa filta aƙalla sau huɗu a awa, ni kuwa ko sau biyu ban kai ba.

Amma gudun ruwa rabin zance ne. Babban aikin filta shi ne zama gidan ƙwayoyin bakteriya masu amfani. Kifi yana fitar da amoniya, wani sinadari mai cutar da shi, ta bakin numfashinsa da kashinsa, wasu ƙwayoyin su juya ta zuwa naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait naitiret, wanda cutarwarsa ba ta kai ta biyun farko ba. Waɗannan ƙwayoyi a jikin soso da duwatsu suke manne, kuma sai da iskar oksijin suke rayuwa. Wurin zama kake nema musu, kuma idan baya da ƙasa sun toshe, saura sama da kusurwa.

Ni sama na nufa. Na sayi doguwar robar shuka fure, irin wadda ake jerawa a baranda, mai tsawon mita ɗaya. A kasuwar kayan gini ta Dei-Dei na samo bututun roba da gwiwoyinsa da sandunan alminiyom biyu. Sandunan na gitta a kan bakin tankin, robar ta zauna a kansu, ba a kan murfin gilashi ba, domin idan ta cika da ruwa da duwatsu tana da nauyi. Sai ƙaramin famfo mai nutsewa, mai tura lita 1,200 a awa, na manna shi a kusurwar baya. Shi ke hawar da ruwa zuwa bututun da na huhhuje, ruwan ya yi ta yayyafi a ƙarshen robar na hagu, ya bi ta cikin kayan tacewa, ya faɗo tankin ta ƙarshen dama.

Jerin kayan ciki yana da ƙa'ida. Audugar tacewa ce a farko, inda ruwa ke zuba, ita ke kama ɓarɓashi. Soso mai manyan ƙofofi ya biyo ta. Sauran wurin duka na cika shi da zobban tangaran da ƙananan duwatsun aman wuta, masu ramuka kamar saƙar zuma. Gawayin tacewa ban sa ba, sai idan na yi wa kifi magani ina so in cire ragowarsa daga ruwa.

A nan ne zan ja kunnenka. Ka tabbata ramin fitar ruwa na robar ya fi na shiga girma, ninki biyu ma bai yi yawa ba, sannan ka huda na biyu sama da shi kaɗan, shi ma ya zubo cikin tankin. Karon farko rami ɗaya na yi. Auduga ta toshe cikin dare, ruwa ya tumbatsa ta gefe, muka wayi gari kafet sharkaf, ruwan tankin ya ragu sosai. Ba don famfon yana can sama-sama ba, da kifayen sun kwana a ƙasa busasshiya. Tun ranar na tabbata a tsakiyar tsayin tankin ya kamata a manna famfo, ba a gindinsa ba. Ka kuma bar tazarar yatsu biyu a saman ruwan tankin, saboda idan aka ɗauke wuta ruwan robar zai gangaro duka.

Ɗauke wutar nan ma ita ce ta sa na fi son wannan tsari. Filtar tukunya a rufe take ruf. Idan famfonta ya tsaya sa'o'i da yawa, oksijin ɗin ciki ya ƙare, ƙwayoyin su fara mutuwa, idan wuta ta dawo ta amayo ruɓaɓɓen ruwa cikin tankin. Robar sama kuwa ruwa ne zai tsiyaye, duwatsun su zauna da danshi iska na ratsa su. Ga shi kuma yayyafin yana ƙara wa ruwan iska, abin da ake matuƙar buƙata a zafin Maris da Afrilu na Abuja, tunda ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin kamar mai sanyi.

A ɗaya kusurwar na dasa filtar soso, wadda famfon iska ke tafiyarwa. Ba ta da kyan gani, na ɓoye ta bayan kututture. Famfon nata mai batir ne, da wuta ta tafi yake ci gaba da kansa. Ka ɗora shi sama da ruwan tankin, ko ka sa ɗan makarin nan mai hana ruwa komawa ta tiyo. Wayoyin lantarki kuma ka bar su su yi lanƙwasa ƙasa kafin su hau soket, don ɗigon ruwa ya faɗi ƙasa.

Kada ka cire tsohuwar filta don ka samu sabuwa. Sabuwa takan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ƙwayoyi su zauna a cikinta. Don in gaggauta, na kwashi kashi ɗaya cikin uku na zobban tsohuwar na zuba a robar, na matse tsohon soso a kan sabon. Wanki kuwa da ruwan tankin ake yi, a bokiti. Ruwan famfonmu daga madatsar Usuma yake zuwa, an sa masa kulorin don lafiyarmu, kulorin kuwa yana kashe ƙwayoyin da ka yi makonni kana reno. Kuma ba na wanke filta biyu a mako ɗaya.

Bayan mako biyar na gwada ruwan, amoniya da naitirait duka sifiri. Naitiret dai filta ba ta cire shi, don haka duk Asabar da safe ina canza kwata na ruwan, in sauya audugar. Da hunturu ya shigo ƙura ta yi yawa, sau biyu a mako nake sauya ta. Uwargida ta tsoma rassa uku na fotos, wata shukar ado mai yaɗo, a ƙarshen robar don ta rufe muninta, saiwoyinsu suna shan naitiret kaɗan-kaɗan, yanzu ganyen ya sauko har gefen taga.