Yadda Ake Neman Bizar Aiki ta Birtaniya ta Hannun Kamfani

Da farko, ka tabbatar kamfanin da ya yi maka tayin aiki yana cikin jerin masu lasisin ɗaukar baƙi, wanda ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya take wallafawa a intanet, domin wanda ba ya cikinsa ba shi da ikon tsaya maka. Kamfanin ne zai ba ka shaidar ɗaukar nauyi, wadda lamba ce kawai, kuma wajibi ne ka nemi biza cikin wata 3 da samunta. Ka tanadi fasfo, da shaidar iya Turanci, da sakamakon gwajin tarin fuka idan daga Najeriya kake nema. Kada ka sayi shaidar ɗaukar nauyin a hannun dillali, ko da ya yi maka rantsuwa.